Sukur: Tarihin Wata Masarauta a Kan Duwatsun Mandara

Gabatarwa

Galibin tarihin Arewacin Nijeriya da ake karantarwa a makarantu tarihin manyan birane ne, da na sarakunan da suka yi mulki a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ɗalibi yakan gama makaranta ya san jerin sarakunan Kano, da yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma na Barno, da yadda Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu. Amma in aka tambaye shi labarin mutanen da ke zaune a kan duwatsu, abin da zai faɗi bai wuce cewa wasu ƙabilu ne da suka hau dutse don tsoron mahara ba. Wannan magana akwai gaskiya a cikinta, sai dai ba ta ƙare labarin ba.

Wannan lacca za ta ɗauki misali ɗaya, watau ƙasar Sukur da ke cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa. Manufa ita ce a nuna cewa Sukur ta ɗaukaka ne ta dalilin narka tama da cinikin ƙarfe, sana'ar da ta haɗa ta da mutanen gangare shekaru aru-aru. Da wannan ciniki ya mutu sai ƙasar ta ja da baya. Gine-ginen dutsen da ta gada kuwa, waɗanda suka sa duniya ta san da ita, ba za su daɗe a tsaye ba sai da mutanen da ke zaune cikinsu suna gyara su.

Ƙasar da mutanenta

Duwatsun Mandara sun miƙe tsawon kilomita kamar 200 a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, tun daga kusa da kogin Binuwai a kudu har zuwa wajajen Gwoza da Mora a arewa. Ƙololuwar da ta fi kowace tsawo tana ɓangaren Kamaru, tsayinta mita 1,494. A kan waɗannan duwatsu da gindinsu akwai al'ummomi masu yawa, kamar Margi, da Kamwe waɗanda ake kira Higi, da Mafa waɗanda ake kira Matakam, da Fali, da Gude, da Lamang. Harsunan yawancinsu na cikin dangin harsunan Cadi ne, watau dangin da Hausa take ciki. Saboda haka ta fuskar harshe Bahaushe da mutumin Sukur 'yan uwa ne na nesa, ko da yake ɗaya ba ya jin maganar ɗaya.

Manyan dauloli uku ne suka kewaye wannan yanki. A arewa akwai Barno. A arewa maso gabas akwai Wandala, wadda aka fi sani da Mandara, wadda fadarta ta zauna a Kerawa, da Dulo, daga baya kuma Mora, sarakunanta kuma suka musulunta a farkon ƙarni na 18. A kudu da yamma akwai mulkin Fulanin Adamawa, wanda ya kafu bayan 1809, aka kuma kafa masa Yola a 1841. Dukan daulolin nan abu biyu suke nema daga duwatsu, watau bayi da ƙarfe. Al'ummar da ba ta da abin sayarwa ita ce takan zama abin farauta. Wadda take da ƙarfe kuwa tana da abin da za ta sa a ciniki, a nan ne kuma Sukur ta bambanta da maƙwabtanta da yawa.

Garin Sukur yana kan wani faffaɗan tudu mai tsayin mita 1,000 da 'yan kai. Mutanensa suna kiran kansu da harshensu Sakun, sarkinsu kuma Hidi. Bisa ga labarin da suka gada, zuriyar Dur, wadda sarauta take hannunta, ta taso ne daga Gudur, wani wuri a gabashin duwatsun cikin ƙasar Kamaru, wanda al'ummomin Mandara da yawa suke girmamawa domin tsafin da ake yi a can na korar fara. Masana suna sanya kafuwar wannan gidan sarauta a wajejen ƙarni na 17.

Abubuwan da ido ke gani

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Abu na farko da mai hawa Sukur zai gamu da shi shi ne hanyar da aka daɓe da falalen duwatsu, wadda ta taso daga gindin dutse ta yi ta hawa har kan tudu. Inda gangara ta yi tsanani an jera duwatsun kamar matakala, inda ruwa yake sauka kuma an yi masa mafita don kada ya cinye hanyar. Aiki irin wannan ya fi ƙarfin gida ɗaya ko unguwa ɗaya, yana bukatar gayya da shugabanci. Har wa yau, mutanen da ɓuya kaɗai ta kai su kan dutse ba za su shimfiɗa wa baƙo hanya zuwa ƙofar gidansu ba. Hanyar nan shaida ce cewa Sukur tana da baƙin da take so su zo.

Abu na biyu shi ne gidan Hidi. Babban shinge ne na duwatsu da aka jera ɗaya bisa ɗaya ba tare da laka ko siminti ba, da ƙofofi waɗanda aka kafa wa wasunsu dogayen duwatsu a gefe da gefe. A ciki akwai ɗakin Hidi, da rumbuna, da garken sa, da kangon sashen matansa. A waje akwai filin da ake kira Patla, inda jama'a suke taruwa ranar biki, da kuma wurin da ake kira Buk, inda Hidi da masu sarauta suke zaman shawara da shari'a. Tsofaffi suna ba da labarin cewa wasu ƙattai biyu ne suka ɗora manyan duwatsun. Irin wannan labari ana samunsa a wurare da yawa inda aikin kakanni ya ba jikoki mamaki.

Abu na uku, wanda ya fi sauran faɗi, shi ne gonakin da aka yi hawa-hawa a jikin dutse. Manomi yakan tsince duwatsun da ke gonarsa ya jera su a gicciye, su zama 'yar katanga, ƙasa ta taru a bayanta ta yi shimfiɗa. In ruwan sama ya sauko katangar takan rage masa gudu, ya tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya kwashe ta ya yi gangare da ita. A kan waɗannan shimfiɗu ake noman dawa, da gero, da wake, da gyaɗa. Kowace shekara kafin damina sai an bi katangun an mai da duwatsun da suka zube. In aka yi sakaci shekara biyu ko uku, ruwa yakan yage wuri ɗaya, daga nan kuma ya bi na ƙasa da shi ɗaya bayan ɗaya.

Noman nan yana tafiya tare da kiwo. A gidajen Sukur akan gina wa sa wani ɗaki na dutse wanda gindinsa ya nutse cikin ƙasa, a sa shi ciki a yi ta kawo masa ciyawa da ruwa har ya yi ƙiba, a yanka shi lokacin biki ko a yi hidimar aure da shi. Takin da ya tara kuma shi ake kai wa gona. Bayan waɗannan akwai rijiyoyin da aka gine da dutse, da masussukai, da kaburbura masu tarin duwatsu a kai, da kangayen murhun tama a kusa da gidaje, tare da kashin tama warwatse a ƙasa.

Sana'ar tama

Tamar Mandara ba haƙo ta ake yi daga rami mai zurfi ba. Baƙin yashi ne mai nauyi wanda ruwa yake wankowa daga jikin dutse ya tara a ƙoramu. Akan kwaso shi a wanke a cikin ƙwarya, farin yashi ya bi ruwa, baƙin ya zauna. Sa'an nan a sari itace a toya gawayi, domin murhu yana cin gawayi mai yawan gaske.

Murhun wannan yanki ya sha bamban da na sauran ƙasashen Afirka. A yawancin wurare ta gindi ake hura wa murhu iska. A Mandara kuwa mai zuga yana zaune ne a bisa murhun, iskar zuga-zugansa tana bin wani dogon bututu na yumɓu wanda aka zura daga sama har tsakiyar wuta. Da yake bututun a cikin wuta yake, iskar takan ɗumama kafin ta isa ga gawayi, bakin bututun kuma yana narkewa sannu a hankali yana taimaka wa dattin tama ya rabu da ƙarfe. Bayan an wuni ana zuga ana zuba tama da gawayi, sai a fasa gaban murhu a ciro curin ƙarfe, a farfasa shi a kai maƙera a tace.

A nan akwai wani abin lura game da tsarin jama'a. A Sukur, kamar a wurare da yawa na Mandara, maƙera dangi ne daban, matansu su ne masu ginin tukwane, ba sa kuma auratayya da sauran jama'a. Amma narka tama ba a keɓe ta ga maƙera ba. Manoma ne suke yin ta da rani bayan an gama girbi, kusan kowane gida da hannunsa a ciki, maƙera kuma su karɓi curin su mai da shi sanduna, da fartanya, da gatari, da lauje. Sandunan ƙarfen nan sun zama kamar kuɗi, ana saye da sayarwa da su, ana kuma biyan dukiyar aure da su.

Abin da Sukur take narkawa ya fi bukatarta nesa ba kusa ba. Ta kan sayi tama da gawayi daga ƙauyukan da ke kewaye da ita, ta sayar da ƙarfe a kasuwarta ga fatake masu zuwa daga gangare, musamman daga wajen Barno, inda ƙasa take yashi da laka, tama kuma ta yi ƙaranci. Manomin da ke huɗa a filayen kudancin Barno yana iya riƙe da fartanyar da aka narka ƙarfenta a Sukur. Da abin da aka samu a wannan ciniki Sukur take sayen hatsi a shekarar da gonakin dutse suka gaza, da dabbobi, da gishiri, da tufafi.

Sarautar Hidi

Baturen farko da ya rubuta sunan wannan ƙasa shi ne Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim. Ya ratsa ta yammacin duwatsun a 1851 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola. Bai hau Sukur ba, amma ya ji labarin wani sarki a kan dutse wanda sarakunan da ke kewaye suke shakkarsa. Daga baya jami'an mulkin mallaka na Ingila suka ɗora a kan wannan, suka riƙa bayyana Hidi a rahotanninsu a matsayin sarkin da ake bauta wa, wanda a da ya mallaki babbar daula da ƙarfin yaƙi. Kirk-Greene, wanda ya yi aikin gwamnati a Lardin Adamawa, ya buga maƙala a 1960 a kan Sukur a matsayin masarautar da ɗaukakarta ta shuɗe.

Binciken da Nicholas David da Judith Sterner suka yi a Sukur daga 1992 ya gyara wannan fahimta. Sun zauna da mutanen garin, sun bi tarihin zuriyoyi ɗaya bayan ɗaya, sun kuma nuna cewa Hidi ba shi da rundunar da ta ci ƙasashe, kuma talakawansa ba su ɗauke shi abin bauta ba, domin an sha tuɓe Hidi a naɗa wani. Girmansa ya taso ne daga wurare biyu. Na ɗaya, alaƙar gidansa da Gudur ta sa maƙwabta suna ba shi matsayin babba a al'amuran gargajiya. Na biyu, shi ne uban kasuwa: shi yake saukar da fatake, ya tsare musu hanya, ya sasanta rigima, ya kuma karɓi rabonsa na ƙarfe da na aikin gayya. Maƙwabtan da ke sayar wa Sukur tama da gawayi suna da amfani a zaman lafiyarta, haka ma mutanen gangare masu sayen ƙarfenta. Wannan ita ce garkuwar da ta daɗe tana kare Sukur.

Zamanin Hamman Yaji

Garkuwar ta fashe ne a farkon ƙarni na 20, a daidai lokacin da ake cewa Turawa sun kawo zaman lafiya. Yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1893 ta bar Yola a ɓangaren Ingila, ta jefa Madagali da Sukur a ɓangaren Jamus. A 1902 Jamusawa suka kashe sarkin Madagali, Bakari, ɗansa Hamman Yaji ya hau gadon. Jamusawa ba su da isassun ma'aikata a wannan lungu, saboda haka suka bar masa ƙasa a hannu. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, Jamusawan da suka kafe a kan dutsen Mora suka miƙa wuya a 1916, yankin ya shiga hannun Faransa, daga bisani aka miƙa shi ga Ingila. A cikin wannan canje-canjen hannu babu mai sa wa sarkin Madagali ido, ga shi kuwa yana da bindigogi irin na zamani.

An san abin da ya faru dalla-dalla domin Hamman Yaji da kansa ya sa malaminsa yana rubuta masa abubuwan da ya yi, da Larabci, daga 1912 zuwa 1927. Littafin ya lissafa hare-haren da ya tura a kan Margi, da Higi, da Matakam, da Sukur, da adadin bayi da shanun da aka kamo, da waɗanda aka kashe. Jimillar bayin da aka ambata a ciki ta kai wajen 2,000. Tsakanin 1912 da 1922 Sukur ta sha waɗannan hare-hare, aka kashe mutane, aka kwashi mata da yara, wasu suka watse zuwa duwatsun maƙwabta, kasuwar ƙarfe kuma ta durƙushe domin fatake ba sa bin hanyar da babu aminci. Ingilishi suka kama Hamman Yaji suka tuɓe shi a 1927, ya rasu a 1929. An fassara littafin nasa zuwa Turanci tun lokacin da aka kama shi, aka kuma buga shi a 1995. Ya kamata duk ɗalibin da aka koya wa cewa kamun bayi ya ƙare ranar da Turawa suka kafa tuta ya karanta shi.

Mutuwar murhu

Bayan 1927 mutanen Sukur sun koma gidajensu, sun sake hura murhu, amma duniyar da ke sayen ƙarfensu ta riga ta sāke. Kamfanonin Turawa suna kawo ƙarfe daga waje, ga kuma tsofaffin ƙarafan mota da na jirgin ƙasa waɗanda maƙeri zai saya da araha ya ƙera fartanya ba tare da wahalar wankin yashi da toyin gawayi ba. Kasuwanni suka koma bakin hanyar mota da ta bi gindin duwatsu daga Mubi ta Madagali da Gwoza zuwa Bama da Maiduguri. Zuwa wajejen 1960 an daina narka tama a Sukur.

A wannan lokaci ne kuma aka yanke makomar yankin ta fuskar siyasa. Ƙasar tana ƙarƙashin riƙon amana na Majalisar Ɗinkin Duniya a hannun Ingila. A ƙuri'ar raba gardama ta Nuwamba 1959 jama'ar Arewacin Kamaru suka zaɓi a jinkirta magana. A ta Fabrairu 1961 mutum 146,296 suka zaɓi shiga Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya zama Lardin Sardauna, hedkwatarsa a Mubi. Daga nan ya shiga Jihar Arewa maso Gabas a 1967, da Gongola a 1976, da Adamawa a 1991. Iyakar ƙasa ta raba Sukur da wasu maƙwabtan da ta saba hulɗa da su a gabas. Da yake makaranta, da asibiti, da kasuwa duk a gangare aka gina su, jama'a suka yi ta sauka, har aka sami Sukur biyu, Sukur Sama da Sukur Ƙasa.

Daga 1999

Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ce ta kafa hukumar da ke kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi na Nijeriya. Ta hannun wannan hukuma aka gabatar da Sukur ga UNESCO, wadda a taronta na Marrakesh a 1999 ta sa ta cikin jerin wuraren gadon duniya. Ita ce ta farko a Nijeriya, dajin Osun na Osogbo ya biyo baya a 2005. Abin da aka karrama ya haɗa gidan Hidi, da hanyoyi, da gonaki, da kaburbura, da kangayen murhu, da al'adun da ke riƙe da su, a matsayin abu guda.

A 2014 'yan Boko Haram suka kama Madagali, a ƙarshen wannan shekara kuma suka hau Sukur, suka ƙone gidaje da rumbuna, suka yi ɓarna a gidan Hidi, jama'a suka sake watsewa kamar yadda kakanninsu suka yi shekaru ɗari da suka wuce. Sojoji suka ƙwato Madagali a 2015, mutane suka koma suka fara gyara. A 2018 aka sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya masu bukatar agaji. A 2025 kuma UNESCO ta karrama kangayen dutse na Diy-Gid-Biy a ɓangaren Kamaru na duwatsun nan, abin da ya ƙara tabbatar da cewa gwanintar gini da dutse tsohuwar gado ce ta yankin baki ɗaya.

Kammalawa

Wuta tana cin jinka da ƙofar itace, amma ba ta cin katangar dutse. Abin da yake rushe katanga shi ne damina bayan damina babu mai mai da dutsen da ya faɗi. Saboda haka babban haɗarin da ke gaban Sukur shi ne tudun ya zama babu kowa.

Wannan ya ɗora wa ma'aikatan gwamnati da ɗalibai nauyi iri uku. Na ɗaya, in ana son mutane su ci gaba da zama a Sukur Sama, sai an tabbatar musu da tsaro, da ruwan sha, da malamin makaranta, da ma'aikacin lafiya a can kan tudun, domin ba za a ce wa uba ya tsare kayan tarihi alhali ɗansa ba shi da makaranta ba. Na biyu, duk gyaran da za a yi wa gidan Hidi ko hanyoyin dutse a ba magina na garin su yi shi bisa yadda suka gada. Siminti yana toshe wa ruwa hanya, katangar da aka jera ba laka kuwa ta tsakanin duwatsunta ruwa yake tsiyayewa. Na uku, shekaru fiye da 60 ke nan da mutuwar murhu, waɗanda suka ga ana zuga shi da idonsu sun tsufa ƙwarai. Ɗaliban tarihi da na harsuna, musamman 'ya'yan yankin masu jin harshen Sakun, su ne ya kamata su zauna da waɗannan dattawa su ɗauki bayaninsu, da waƙoƙin zuga, da sunayen kayan aiki, su rubuta su da harshen da aka faɗe su.

Haka kuma ya kamata littattafan makaranta su ba duwatsu wurinsu. Abin da aka gani a Sukur ya isa ya sa mai nazari ya sake duban tarihin Gwoza, da Ningi, da Filato, da Mambila, ya tambayi abin da mutanen waɗannan wurare suka noma, da abin da suka ƙera, da wanda suka sayar wa.